Kuɗin Hanya a Ƙofofin Maraɗi: Na'ura Ta Zo, Amma Ta Bambanta Mai Zogale da Mai Tirela

Ranar Litinin da sassafe, tun rana ba ta gama ɗagowa kan fadamar Gulbi ba, hanyoyin da ke shiga Maraɗi sun cika. Ranar kasuwa ce. Daga kudu ga motocin Jiratawa da Madarunfa da Ɗan Isa, an lafta musu buhunan zogale da albasa da tattasai har kan rufi. Daga ɓangaren Tibiri da Gidan Rumji ga masu gero da wake da awaki. Manyan motocin fasinja da suka kwana a hanya daga Yamai suna ƙoƙarin wuce dogon baro, ƴan kabu-kabu kuma suna kutsawa ta kowane saƙo.

Duk direban da ya taso daga nesa a kan kwalta ya san akwai inda tilas ya taka birki: shingen kuɗin hanya, wanda ake kira peyaj. Ƙarfe a gicciye, ɗan ɗaki a gefe, ma'aikaci riƙe da kundin tikiti. Karen mota ya diro da gudu, ya miƙa kuɗi, a yago masa takarda. In an yi sa'a, minti ɗaya ya isa. In ba a yi ba, sai a ji "Maigida, babu canji." Sai a shiga laluben aljihu ana neman dala ashirin, fasinja suna tsaki, na baya suna ta oda.

Ƙasashe da dama sun yi ban kwana da wannan kundin tikitin, sun koma karɓar kuɗin hanya da na'ura, kuma canjin ya riga ya iso maƙwabtan Nijar. Ya kamata Maraɗi ta yi maraba da shi. Amma amfanin na'urar a wannan gari ya wuce rage layi. Amfaninta na gaske shi ne tana iya abin da takarda ba ta iyawa: ta gane maƙwabci daga mai doguwar tafiya, ta gane mai ɗan kaya daga mai farfasa kwalta, ta kuma ajiye lissafin da kowa zai iya gani. In aka kawo ta ba tare da waɗannan ba, an dai sauya wa shinge riga ne kawai.

Biyan kuɗi domin a bi hanya ba baƙon abu ba ne a ƙasar Hausa. Zamanin fatake, madugu kan tanadi abin da zai bayar a kowace ƙasa da ayarinsa zai ratsa, abin da ake kira fito ko garama. Sarkin da ya karɓa kuwa ya ɗauki nauyi: ya tsare ayari daga mahara, ya bar shi ya sauka a zango, ya sha ruwa. Wanda ya tsananta kuɗi ko ya kasa tsaro, sai fatake su sauya hanya, kasuwarsa ta mutu. Turawan Ingila ma sun ɗora harajin ayari a arewacin Najeriya a farkon mulkinsu, suka soke shi a 1907 bayan kukan cewa yana danne ciniki. Maraɗi, garin da zuriyar sarakunan Katsina suka raya tun zamanin Ɗan Kasawa, da Tibiri, wadda Gobirawa suka kafa bayan yaƙin Gawakuke na 1836, sun san wannan yarjejeniya tun kaka da kakanni. Mai bin hanya ya biya, mai karɓa ya kula da hanya.

Hanyar yau kwalta ce, kuma kwalta tana cin kuɗi kullum. Babbar hanyar ƙasa mai lamba ɗaya, wadda ta taso daga Yamai ta ratsa Doso da Ƙonni, ta shafi Tibiri da Maraɗi, ta miƙe Tasawa da Damagaram har Diffa, ita ce ƙashin bayan Nijar. Daga Yamai zuwa Maraɗi kaɗai kimanin kilomita 660 ne. Ga kuma hanyar kudu da ta bi ta Ɗan Isa zuwa Jibiya da Katsina, wadda arzikin alhazan Maraɗi ya daɗe yana bi, tun zamanin gyaɗa har zuwa na kayan da ake saukewa a tashoshin ruwan Kwatano da Lome. Domin a ware wa gyaran irin waɗannan hanyoyi kuɗi na musamman aka kafa asusun CAFER a 1999, daga baya aka maye gurbinsa da Asusun Gyaran Hanyoyi, wato FER. Kuɗin peyaj ɗaya ne daga cikin koramun da ke zuba a wannan asusu.

Buƙatar kuwa ba ta ɓuya. Daminar 2024 ta nuna wa kowa: ruwa ya yanke manyan hanyoyi har Yamai ta kusa rabuwa da sauran ƙasa, jihar Maraɗi kuma tana cikin waɗanda suka fi asarar rayuka da gidaje. Ramin da aka bari a kwalta da rani, da damina kududdufi yake zama. Magudanar da yashi ya toshe, ita ce ke cinye gefen hanya. Gyaran da za a yi da tipa ɗaya ta tsakuwa a watan Maris, in aka bar shi sai Satumba, ya koma kwangilar miliyoyi.

To ina laifin takarda? Laifinta shi ne ba ta da shaida sai kanta. Motoci nawa suka wuce daren jiya? Sai abin da kundi ya faɗa. Tikitin da aka karɓa aka sake sayarwa, direban da ya ba da rabin kuɗi bai nemi takarda ba, babban mutum da aka ɗaga wa ƙarfe don an san shi, duk ba sa barin sawu. Wannan ba zargin wani ma'aikaci ba ne. Akasarinsu suna wuni cikin rana da ƙura kan albashin da bai taka kara ya karya ba. Tsari ne mai ɓaraka, kuma sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Ga kuma hatsarin tara tsabar kuɗi a ɗan ɗaki bakin daji, a yankin da ƴan bindiga suka addabi ƙauyukan Madarunfa da Gidan Rumji shekaru da dama.

Yadda na'urar ke aiki ba shi da wuyar fahimta. Ana manna wa gilashin mota wata ƴar alama mai ɗauke da lambarta. Mai mota ya zuba kuɗi a asusunsa tun kafin ya taso, kamar yadda yake sa wa wayarsa kati. Da ya iso, na'urar da ke saman ƙofa ta karanta alamar, ta cire abin da ya kamata, ƙarfe ya ɗaga da kansa. Kyamara tana ɗaukar lambar mota, wata na'urar a ƙasa tana ƙirga ƙafafunta domin a san ƙarama ce ko tirela. Wanda ba shi da alama yana iya dangwala kati ko ya biya ta waya. Kowace wucewa tana shiga kwamfuta da ranarta da sa'arta, ta yadda adadin motoci da adadin kuɗi dole su yi daidai, in ba su yi ba a san inda za a tambaya.

Ƙasar Norwe ce ta fara gwada wannan a 1987. Indiya ta wajabta alamarta mai suna FASTag a manyan hanyoyinta a watan Fabrairun 2021. A nan kusa, Senegal ta buɗe hanyar Dakar zuwa Diamniadio a 2013, da layi na musamman ga masu katin Rapido. Najeriya kuma, a Fabrairun 2025, ta fara karɓar kuɗi a hanyar Abuja zuwa Keffi, Akwanga, Lafiya da Makurɗi, da niyyar a riƙa biya ba da tsaba ba: naira 500 ga ƙaramar mota, har zuwa 1,600 ga manyan motoci.

Sai dai waɗanda suka faɗi sun fi waɗanda suka ci nasara abin koyarwa. Afirka ta Kudu ta kafa tsari na ƙin ƙarawa a manyan hanyoyin lardin Gauteng, kewayen Johannesburg da Pretoria, a Disambar 2013. Babu shinge, babu tsayawa, kyamara ce ke ɗaukar lamba a aiko wa mutum takardar bashi. Na'urorin ba su gaza ba. Jama'a ne suka ce ba a shawarce su ba, hanyoyin nan kuma su ne na zuwa aikinsu kullum, don haka ba za su biya ba. Akasarin direbobi suka ƙi, aka yi shekara goma ana jan igiya, har gwamnati ta kashe tsarin a Afrilun 2024. A Senegal ma sai da aka rage farashi a ƙarshen 2018 bayan kukan matafiya. Najeriya kuwa ta taɓa rushe shingayen kuɗin hanyoyin tarayya baki ɗaya a zamanin Shugaba Obasanjo, wajen ƙarshen 2003, bisa ƙorafin cewa kuɗin suna zurarewa kuma hanyoyin ba su gyaru ba. Bayan shekara ashirin ga ta ta dawo kan maganar. Abin da ya haɗa labaran nan uku shi ne yardar mai biya, kuma a Maraɗi yardar nan tana farawa ne daga garuruwa biyu da ke jikin birni.

Tibiri ba ta kai kilomita 15 daga Maraɗi ba. Jiratawa ma ba ta wuce haka ba. A takardar hukuma garuruwa ne masu zaman kansu, Tibiri a gundumar Gidan Rumji, Jiratawa a ta Madarunfa. A rayuwar yau da kullum kuwa unguwannin Maraɗi ne masu ɗan nisa. Malamin da ke kwana a birni yana koyarwa a Tibiri, ɗalibin Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo da ke komawa gida kullum, mai jinyar da ke kai abinci asibiti safe da yamma, dukansu suna bin wannan kwalta sau biyu ko huɗu a rana. A Jiratawa akwai filin noman rani mai hekta sama da 500, wanda aka shimfiɗa tun farkon shekarun 1980 ƙarƙashin hukumar noman rani ta ƙasa, ONAHA, kuma zogalen da ke fita daga wannan fadama ya yi suna har Yamai. Ribar macen da ke sarin ganye ta kai birni ba ta da kauri. Dala goma da aka ƙara wa direba, kanta take dawowa kafin a kai tasha.

Saboda haka inda za a dasa ƙofa da yadda za a yanka farashi su ne magana ta farko. Kundin tikiti ba ya iya tuna cewa wannan motar ta wuce sau uku yau. Kwamfuta tana iyawa. Ana iya yi wa motocin hayar Tibiri da Jiratawa rajista ta hannun ƙungiyar direbobi da ma'aikatar magajin gari, a ba su kuɗin wata mai rahusa, ko a ce bayan biyan farko na yini sauran wucewar kyauta ce. Babura da adaidaita da amalanken shanu a buɗe musu layinsu a gefe, su wuce ba ko dala. Wannan ba sabon abu ba ne: tsarin hanyar Abuja zuwa Makurɗi ya yafe wa babura da masu ƙafa uku, ya kuma yi wa ƙananan motocin haya masu yawan bi rangwamen rabi. In Najeriya ta ga dalilin yin haka a kan tagwayen hanya mai kilomita sama da 200, dalilin ya fi ƙarfi a kan ɗan taƙin da ke tsakanin fadar Sarkin Gobir da kasuwar Maraɗi.

Wa zai cike gurbin? Wanda ke cinye hanyar. Injiniyoyi sun gano tun gwajin da aka yi a jihar Illinois ta Amurka tsakanin 1958 da 1960 cewa ɓarnar da mota ke yi wa kwalta ba ta tafiya kafaɗa da kafaɗa da nauyinta, tsalle take yi. In aka ninka nauyin da ke kan ƙafa ɗaya ta mota sau biyu, ɓarnar tana ninkuwa kusan sau 16. In aka ƙara rabi kawai, ta ninku sau biyar. Ma'ana, tirela guda da aka danƙara wa siminti ko shinkafa fiye da kima tana yi wa hanya abin da dubban ƙananan motoci ba za su yi ba. Ƙungiyar ƙasashen yankin da Nijar ke cikinta, UEMOA, ta kafa doka a kan haka tun 2005, wadda aka fi sani da doka mai lamba 14, ta ƙayyade nauyin kowace ƙafa da tarar wanda ya wuce. Aiwatar da ita ne ya daɗe yana tafiyar hawainiya a yankin. Ƙofar zamani tana iya haɗuwa da sikelin da ke auna mota tana cikin tafiya, nauyin ya shiga kwamfuta kafin direba ya buɗe baki, babu wurin "Ranka ya daɗe, a duba mana." Attajiran Maraɗi masu manyan motoci za su ji nauyin wannan da fari. Amma su ne kuma ke sayen taya da sifirin duk lokacin da rami ya karya musu mota tsakanin Gidan Rumji da Madawa, don haka hanya mai kyau ribarsu ce kafin ta kowa.

Magana ta biyu ita ce yadda za a biya. Akasarin manya a Nijar ba su da asusun banki, kuma da yawa ba su karanta faransanci. Amma waya tana hannun kusan kowane direba, kuma mutanen Maraɗi sun saba tura kuɗi ta Nita da Amana da Al Izza, ko ta Airtel Money da Moov Money da Zamani Cash. A kan wannan sabon ya kamata a gina, a bar mutum ya zuba kuɗi a kowane shago na tasha, da ƙaramar waya mai madannai, saƙon tabbaci kuma ya zo masa da Hausa. Kada a ba kamfani guda ikon karɓa shi kaɗai, kada kuma a ɗora wa direba ladan turawa a kan kuɗin hanya. Layin tsaba ya zauna tukuna, ko da guda ne, ma'aikaci ya karɓa amma na'ura ta buga rasit. Waɗanda suka ga abin da ƙarancin takardun naira ya yi wa kasuwannin Jibiya da Katsina a farkon 2023, lokacin da aka so a tura jama'a ga biyan waya da ƙarfin tsiya alhali sabis yana yankewa, ba sa buƙatar a yi musu dogon bayani.

Wuta da sabis ma abin lura ne. Wutar Maraɗi ta daɗe tana dogara da layin da ke fitowa daga Katsina, kuma kowa ya tuna duhun da aka sha bayan Najeriya ta katse wuta a Agustan 2023. Ƙofar da ke tsayawa in an ɗauke wuta ta fi kundin tikiti sharri. Dole ta sami faifan hasken rana da batura, ta iya ajiye lissafi a cikinta in intanet ya tafi ta aika daga baya, a kuma horar da matasan gari da za su gyara ta in ƙurar hunturu ta toshe mata ido. Jami'a tana nan, makarantun koyon sana'a suna nan. Bai kamata a jira mai gyara daga Yamai, balle daga ƙetare, motoci suna jere har Jiratawa ba.

Sai maganar iyaka. Daga Maraɗi zuwa Katsina tafiyar kimanin kilomita 90 ce, kuma motoci masu lambar Najeriya ba baƙi ba ne a hanyar Ɗan Isa. Direban Katsina da ya shigo sau ɗaya a wata ba zai sayi alamar gilashi ba. A tanadar masa katin yini da zai saya a bakin iyaka, farashi a rubuce ɓaro-ɓaro da sefa. Ciniki a wannan hanya ya sha wuya: rufe iyaka daga Agustan 2019 zuwa Disambar 2020, sannan takunkumin da aka sa wa Nijar a 2023, wanda bai ɗage ba sai farkon 2024. Ga kuma layin dogo na Kano zuwa Maraɗi da aka aza harsashinsa a Fabrairun 2021, wanda in ya kammala zai kawo kaya masu yawa da motoci za su kwasa zuwa sauran sassan ƙasa. Hanyar da ke jiran wannan nauyi tana buƙatar tsarin da zai sauƙaƙa shigowa.

Akwai kuma mutanen da shingen ke ciyarwa. Ma'aikatan peyaj suna da iyali. Yara da mata masu tallar aya da dabino da rake da ruwan sanyi suna cin abinci ne daga minti biyun da mota ke tsayawa. Lokacin da Gana ta soke kuɗin hanya kwatsam a Nuwambar 2021, ma'aikatan shingaye, da yawansu masu buƙata ta musamman, sun wayi gari ba aiki, suka daɗe suna neman a cika musu alkawari. Maraɗi tana iya kauce wa wannan. Ma'aikata su koma sayar da kati, kula da sikeli da taimaka wa direbobin da na'ura ta rikita. Masu talla a yi musu rumfuna da wurin tsayawar mota gaba kaɗan da ƙofa, da masallaci da makewayi, inda matafiyi zai tsaya da son ransa.

Direbobi kuma suna da tambayar da ta dace a amsa musu. Peyaj shinge ɗaya ne cikin da yawa, kuma shi ne ma mai ba da takarda. In aka rage masa daƙiƙa talatin alhali sauran tsaye-tsayen da ake miƙa na goro suna nan daram, direba ba zai ga canji a aljihunsa ba. Binciken tsaro wajibi ne a wannan yanki, babu mai musu. Amma a tattara shi wuri guda kusa da ƙofar, ƙarƙashin kyamara, ya fi a warwatsa shi kowane ƴan kilomitoci. Bayanan zirga-zirgar mutane da kwamfutar za ta tara kuwa, hukumar kare bayanan jama'a ta ƙasa, HAPDP, ta sa ido a kan wanda ke da ikon buɗe su.

Abu na ƙarshe shi ne mafi araha, kuma shi ne zai sa a yarda da sauran. Tunda na'ura ta san abin da ya shigo, to a faɗa wa masu biya. A kafa allo a kowace ƙofa, da Hausa da faransanci, a rubuta motocin da suka wuce a watan jiya, kuɗin da aka tara, da aikin da aka yi da su a jihar. A karanta shi a gidajen rediyon gari. Wakilan direbobi da ƴan kasuwa da ƙungiyoyin manoman Jiratawa da masarautun Katsinar Maraɗi da Gobir su zauna da jami'an FER sau biyu a shekara, kafin damina da bayanta, a bi lissafin layi-layi.

Ba sai an fara da ƙasa duka ba. Hanyar Maraɗi zuwa Ɗan Isa gajeruwa ce, tana da tirela da motar haya da baƙon Najeriya da mai zogale, wato duk irin matafiyin da tsarin zai gamu da shi a ko'ina. A gwada a can shekara guda, damina ɗaya da hunturu ɗaya, layin tsaba yana gefe. In shekara ta zagayo, a tara direbobin Jiratawa da na Madarunfa a tasha, a buɗe musu lissafi, sannan a ɗauke su a mota a bi hanyar tare har bakin iyaka, a ƙirga ramukan da aka cike da waɗanda suka rage.